Hoto tsaf, awo a karkace: alƙaluman saitin na'urar CT

A takardar bayanin MCT225, na'urar CT da kamfanin Nikon ke ƙera wa masana'antu domin awo, akwai wani ɗan gajeren layi: 9 + L/50. Alkawari ne kamfanin ya ɗauka. L tana nufin tsawon da aka auna da milimita, amsar kuma tana fitowa da maikiron, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. In aka auna tazarar milimita 100 tsakanin cibiyoyin ƙwallaye biyu, kuskuren bai kamata ya wuce maikiron 11 ba. A milimita 50, maikiron 10. Taran nan tana nan daram komai ƙanƙantar abin, sauran kuma yana ƙaruwa da tsawo.

Yawancinmu a asibiti muka san CT, inda majiyyaci ke kwance na'urar tana zagaya shi. Can ta samo asali: Godfrey Hounsfield na kamfanin EMI ya haɗa ta, aka fara ɗaukar hoton kan majiyyaciya a asibitin Atkinson Morley na Landan ranar 1 ga Oktoban 1971, hoton kuma ɗigo 80 ne a tsaye, 80 a kwance. Likita ƙari yake nema ko jinin da ya taru, maikiron goma ba damuwarsa ba ce. Ta masana'anta kuwa kayan ne ke juyawa a kan teburi, bututun hasken eksire da allon karɓar hoto suna tsaye. Tun daga 2005, lokacin da kamfanin Werth na garin Giessen a Jamus ya fito da irinta da aka gina musamman domin awo, sai ta koma ma'auni: da ita ake auna hanyoyin ruwa a cikin kan inji, da ramukan nozul, da cikin kayan da aka buga da firintar 3D, wuraren da babu ma'aunin da zai shiga ba tare da an yanka kayan ba. Da zarar aka ce hoto ya zama ma'auni, tambaya ta sake. Ba a tsaya ga ko hoton ya fito ba, sai an san ko tsawon da ke cikinsa gaskiya ne.

Abubuwa uku, lambobi bakwai

Abubuwa uku ne ke riƙe da aikin: ɗigon da hasken ke fitowa, layin da teburin ke juyawa a kansa, da allon. Abin da allon ke kamawa inuwa ce. Duk wanda ya taɓa sa hannu tsakanin tocila da bango ya san dokar: matso da hannu kusa da tocila, inuwa ta girma. Ninkin girman shi ne nisan ɗigo zuwa allo, a raba da nisan ɗigo zuwa layin juyawa.

Bari mu kafa injin misali da lambobi masu sauƙin lissafi, kuma kusa da abin da ake samu a kasuwa. Allo mai fiksel 2,000 a kowane gefe, kowane fiksel milimita 0.2, faɗinsa ke nan milimita 400. Daga ɗigo zuwa allo milimita 1,000, daga ɗigo zuwa layin juyawa milimita 100. Ninki 10 ke nan. Kowane boksel, wato ɗan akwatin da ake gina hoton ciki da shi, zai zama maikiron 20, abin da zai shiga hoton kuma bai wuce faɗin milimita 40 ba. Duk alƙaluman da ke biye daga wannan injin suka fito, kowa na iya bin su da kalkuleta.

Lissafin da yawancin waɗannan na'urori ke haɗa hoton da shi na mutum uku ne, Feldkamp da Davis da Kress, waɗanda suka wallafa shi a 1984 suna aiki a kamfanin motoci na Ford. Lissafin nan ba ya tambaya, yarda yake yi. Ya ɗauka cewa layin da ya taso daga ɗigo ya ratsa layin juyawa ya sauka daidai tsakiyar allo, allon yana tsaye ƙyam yana fuskantar ɗigon, jerin fiksel ɗinsa na tsaye kuma suna tafiya daidai da layin juyawa. In gaskiyar injin ta saɓa da haka, lissafin zai zuba kowace inuwa a inda aka gaya masa, ba inda take ba.

Lambobi bakwai ne ke bayyana wannan tsayuwa. Ɗaya nisan ɗigo zuwa layin juyawa. Uku na matsayin allo: nisansa, gocewarsa gefe, da gocewarsa sama ko ƙasa. Uku kuma na karkatarsa: ya murɗe a fuskarsa, ko ya rusuna gaba, ko ya juya kafaɗa ɗaya baya. Matsalar ita ce babu ko ɗaya daga cikin wuraren nan da ma'auni zai taɓa. Ɗigon yana cikin bututun da aka zuƙe wa iska, a kan ƙarfen tungustin, bayan taga. Layin juyawa ba ƙarfe ba ne, layi ne na lissafi. Fuskar allon da ke mayar da eksire haske, wadda galibi ta sinadarin sisiyam ayodaid ce ko gadoliniyam, tana ɓoye bayan murfi.

Waɗanda ke tona kansu

Mu fara da mai sauƙi. Allon ya goce gefe da fiksel ɗaya, milimita 0.2. A wurin kayan wannan maikiron 20 ne. Yayin da teburin ke kewayawa, lissafin zai ajiye kowane ɗigo na kayan maikiron 20 daga mazauninsa, sau ɗaya hagu, sau ɗaya dama, har ɗigon ya zama ɗan zobe mai faɗin maikiron 40. Bakin kayan sai ya fito biyu-biyu. Ko ɗan koyo zai gani ya ce akwai matsala. Gyaran ma ba wuya: manhaja tana gwada cibiyoyi da dama ta zaɓi wadda ta fi ba da hoto mai kaifi, ko ta kwatanta inuwar da aka ɗauka a digiri 0 da ta digiri 180.

Murɗewar allo a fuskarsa ta fi wayo kaɗan. Digiri 0.1 kacal, wanda ido ba zai taɓa gani ba, yana ture layin fiksel na can sama da milimita 0.35, wato fiksel 1.75, na can ƙasa kuma ya ture shi haka ta ɗaya gefen. Tsakiya ko gezau. Mai aikin da ya duba yankan tsakiya kaɗai zai ga hoto tsaf ya wuce, alhali sama da ƙasa sun yi baki biyu. Shi ya sa wasu manhajojin ke neman cibiyar a yanka biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, su ja layi tsakani.

Waɗannan biyun, duk da muninsu a ido, su ne masu arha, domin hoton da kansa yake kai ƙararsu.

Waɗanda ke shiru

A nan ne maganar take. A ce an yi kuskuren milimita 0.1 a nisan ɗigo zuwa layin juyawa: injin yana ɗauka 100.1 ne alhali 100 ne. Kashi 0.1 cikin 100 ke nan, kuma kowane tsawo a cikin hoton zai ƙaru da wannan kason. Abu mai milimita 40 zai fito da ƙarin maikiron 40, boksel biyu cur. Hoton kuwa ba zai dusashe ba, bakinsa na nan da kaifi, da'ira na nan da'ira. Komai ya kumbura tare, babu abin da zai nuna. In da kuskuren milimita 0.1 ɗin a nisan allo ya faɗa, da maikiron 4 kawai zai jawo, tunda kashi ɗaya ne cikin 10,000 na milimita 1,000. Ashe ba duk milimita ba ne kuɗinsu ɗaya.

Matso da teburin zuwa milimita 10 daga ɗigo domin ƙaramin abu. Ninki ya zama 100, boksel ya koma maikiron 2, faɗin hoton milimita 4. Wancan kuskuren na milimita 0.1 yanzu kashi 1 ne cikin 100. A faɗin hoton gaba ɗaya maikiron 40 ɗin dai ne, bai ƙaru ba, amma yanzu boksel 20 ne maimakon biyu. Wanda ya ga "boksel: maikiron 2" a rahoto ya ɗauka awon ya kai wannan daidaito, ya yaudari kansa. Girman boksel yana faɗin yadda aka yanka hoton ne, ba ya faɗin ko an yanka shi daidai.

Sai rusunawar allo, wadda a ganina ita ce mafi haɗari cikin bakwai ɗin. Allon ya jingina baya da digiri 0.1: samansa ya yi nisa da ɗigo da milimita 0.35, ƙasansa ya matso da haka. Inuwar da ta faɗa sama za ta girma da kashi 0.035 cikin 100, ta ƙasa ta ragu da haka. Ɗora silinda mai kaurin milimita 30 wadda ta cika tsayin hoton: samanta zai fito da ƙarin maikiron 10.5, ƙasanta da ragin 10.5, tsakiyarta daidai. Silindar da aka gyara santal ta fito da tsukakken gindi, bambancin maikiron 21 tsakanin kai da ƙafa. Kuma tunda karkatar ta shafi hagu da dama daidai-wa-daida, ba a samun baki biyu. Injiniyan da ya karɓi rahoton zai koma ya tuhumi mai injin yankan ƙarfe, alhali laifin na allon ne. A tuna, layin can na 9 + L/50 maikiron 9.6 ya yarda da shi a milimita 30. Kashi ɗaya cikin goma na digiri ya riga ya cinye shi.

Juyawar kafaɗa kuwa tana tsaka-tsaki. A digiri 0.1 tana ture inuwar bakin allo da fiksel 0.35, kashi ɗaya cikin biyar na abin da murɗewa ke yi, don haka sai ta yi yawa kafin ido ya kama ta.

Akwai wata tawaya da bai kamata a ɗora wa saiti ba. Zagaye ɗaya na da'ira ba ya tara cikakken bayani sai a yankan tsakiya, abin da Heang Tuy ya tabbatar da lissafi a 1983. A injinmu hasken da ke zuwa bakin allo ya karkata da digiri 11.3, saboda haka shimfiɗaɗɗun fuskoki na can sama da ƙasa za su ɗan dusashe ko da saitin ya cika goma. Wannan gado ne na tsarin, ba a gyara shi da sukundireba.

Ƙwallaye

Tunda ma'auni ba ya kai wa, sai a sa abin da aka riga aka san girmansa a cikin injin, a bar inuwarsa ta faɗi inda komai yake. Kusan kullum ƙwallaye ne, na ƙarfe ko na yakutu, waɗanda aka auna cibiyoyinsu da na'urar awo mai taɓawa. Dalilin zaɓen ƙwallo yana da kyau a sani. A hoton CT bakin abu ba layi ba ne, toka-toka ce da ke tashi daga duhu zuwa haske, mai aiki ne ke zaɓar inda zai ce nan ne baki. In ya zaɓa ba daidai ba ƙwallon zai kumbura ko ya tsuke, amma ta kowane gefe daidai, cibiyarsa ba ta motsi. Tazarar cibiya zuwa cibiya tana auna saitin injin ne zalla.

Hanya mafi sauƙi ita ce sanda mai ƙwallo biyu. An san tazararsu milimita 30.000 ce, hoton ya ba da 30.030, sai a ninka girman boksel da 0.999. Wannan yana kashe kumburin bai-ɗaya, kuma dakunan awo da yawa a nan suke tsayawa. Sai dai lamba ɗaya ba ta gyara silinda mai tsukakken gindi. In an auna sandar a tsakiyar hoton, rusunawar allo ko ɗuriyarta ba za a ji ba.

Hanyar da ta fi zurfi ba ta jiran a haɗa hoton ciki, inuwoyin take karantawa kai tsaye. Ƙwallon da ke kewayawa yana zana doguwar da'ira a kan allo, siffar da'irar da karkatarta kuma suna ɗauke da lambobin injin. Frédéric Noo da abokan aikinsa sun fitar da lissafin haka a 2000. A 2005 Youngbin Cho da David Jaffray da wasu a asibitin Princess Margaret na Toronto suka zo da ƙwallayen ƙarfe 24 a zobe biyu, waɗanda ke ba da saitin kowace inuwa ita kaɗai. Asibiti na buƙatar haka, saboda hannun na'urar da ke ɗauke da bututu da allo yana ɗan lanƙwasawa da nauyinsa yayin da yake zagaya majiyyaci. A ɓangaren masana'antu, Massimiliano Ferrucci da Wim Dewulf na jami'ar Leuven ta Beljiyam, tare da Simone Carmignato na jami'ar Padova ta Italiya, sun yi aiki da ƙwallaye 49 da aka manna a jikin bututun zaren kabon, suna hawa a murɗe.

Ga yadda lissafin ke tafiya. Kowane ƙwallo yana ba da lamba biyu a kowace inuwa, matsayinsa a kwance da a tsaye. Ƙwallo 49 a inuwa 720 lambobi 70,560 ke nan. Abin da ake nema 13 ne: bakwai na injin, shida na yadda aka ajiye bututun a kan teburi. Kwamfuta tana ƙirƙiro injin kwaikwayo, ta lissafa inda kowane ƙwallo ya kamata ya faɗa, ta kwatanta da inda ya faɗa, ta yi ta matsa lambobin 13 har saɓanin ya kai ƙarshen ƙanƙantarsa.

Mutum zai ce lambobi dubu saba'in sun yi wa 13 yawa. Ba su yi ba, saboda biyu daga cikin bakwai ɗin suna ɓuya bayan juna. Nisa 100 da 1,000 ninki 10 ne. 101 da 1,010 ma ninki 10 ne. Abin da ke raba su shi ne yadda inuwa ke girma idan ƙwallo ya zagayo gaba. Ɗauki ƙwallon da ke milimita 15 daga layin juyawa, milimita 15 kuma sama da tsakiya. Idan ya zo kusa da ɗigo, a injin farko inuwarsa za ta sauka milimita 176.5 sama da tsakiyar allo, a na biyu 176.2. Bambancin fiksel ɗaya da rabi ne, a kan kuskuren milimita 10 cur a nisan allo. Kuskuren milimita 1 kuwa fiksel 0.15 zai nuna. Dole ke nan a gano cibiyar kowace inuwa zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na fiksel, dole kuma ƙwallayen su bazu har bakin allo. Can bakin ma akwai tarko, domin inuwar ƙwallo tana miƙewa, tsakiyarta kuma tana ɗan gocewa waje daga inda cibiyar gaske ta faɗa, sai an cire wannan a lissafi.

In lambobin sun fito, gyara iri biyu ne. Ko a kwance allon a matsa shi da hannu, ko a bar shi yadda yake a gaya wa manhajar haɗa hoto gaskiyar tsayuwarsa. Ni dai na fi karkata ga ta biyu a ƙananan gocewa, saboda noti ɗaya da aka juya yakan motsa lamba biyu, sai a sake awo, a sake juyawa. Sharaɗin shi ne manhajar ta yarda a shigar mata da duka bakwai ɗin, kuma ba kowace ke yarda ba.

Abin da ba ya zama wuri ɗaya

Duk wannan ya ɗauka injin yana tsaye cik, ba haka abin yake ba. Allo mai fiksel 2,000 yana son inuwa wajen 3,142, wato 2,000 sau rabin 3.142. A daƙiƙa ɗaya kowace, minti 52 ke nan. A tsawon wannan lokaci kusan kashi 99 cikin 100 na wutar da ke dukan tungustin zafi take zama, bututun yana ɗumama yana miƙewa, ɗigon yana tafiya. In ya goce gefe da maikiron 5, a ninki 10 inuwar za ta motsa maikiron 45, bai kai rubu'in fiksel ba. A ninki 100 maikiron 495 ne, fiksel biyu da rabi. Shi ya sa ake barin bututu ya ɗumama kafin a fara, wasu kuma su ɗauki 'yan inuwoyi cikin sauri a ƙarshe su gwada da na farko.

Kayan ma suna amsa zafi. Tun 1931 aka amince a duniya cewa awon tsawo a digiri 20 na Salsiyas ake yin sa. Alminiyam yana miƙewa wajen maikiron 23 a kowace mita a kowane digiri, saboda haka abu mai milimita 100 da ya ɗumama da digiri 2 ya ƙaru da maikiron 4.6. Dalilin sanyaya cikin akwatin na'urar ke nan, da dalilin manna ƙwallaye a kan zaren kabon, wanda da ƙyar yake motsi da zafi.

Ƙa'idojin gwaji sun biyo baya a hankali. Jamus na da jerin VDI/VDE 2630, Amurka ta fitar da ASME B89.4.23 a 2020. Kafin nan jami'ar Padova ta zagaya da kaya huɗu da aka riga aka auna zuwa na'urori 15 a Turai da Amurka da Asiya, a gwajin da aka kira CT Audit. An ga cewa awon girma yana iya kai wa ƙasa da boksel ɗaya, amma mahalarta sun sha wahalar faɗin iyakar kuskurensu daidai, wato ba awon kaɗai ke ba da wuya ba, har da sanin yadda za a yarda da shi.

Sannan lambobi bakwai ɗin na wuri ɗaya ne. Teburin yana tafiya a kan dogo duk lokacin da aka sauya ninki, ma'aunin da ke karanta matsayinsa kuma yana ƙasa a jikin dogon, kayan suna can sama. Ernst Abbe na Jena ya yi gargaɗi a kan irin wannan tun 1890: in ma'auni da abin awo ba a layi ɗaya suke ba, ƙaramar karkata tana zama kuskuren tsawo. Teburi ya rusuna da daƙiƙar kusurwa 10, kashi ɗaya cikin 360 na digiri, kayan kuma suna milimita 200 sama da ma'aunin: maikiron 9.7 ke nan da ma'aunin bai gani ba. A nisan milimita 100 kashi 0.01 ne cikin 100, a nisan milimita 10 ya zama kashi 0.1. Masu awon da ke son lambarsu ta tsaya a gaban abokin ciniki sukan ɗora ƙwallaye a daidai wurin da za a auna kayan, su cire su, su ɗora kayan ba tare da sun motsa teburin gaba ko baya ba.